Garejin da ya auna kafin ya zuba gas: sharhi kan gyaran na'urar sanyaya motata

Na jinkirta rubuta wannan sharhi har wata biyar bayan na karɓi motata daga garejin, domin ba a ranar da aka gama gyaran na'urar sanyaya mota ake yanke masa hukunci ba. Duk wanda aka taɓa zuba wa gas ya san cewa mota takan bar gareji da sanyi mai ratsa jiki ko da ba a taɓa ainihin cutar ba, sai bayan 'yan makonni sanyin ya fara ja da baya har a koma gidan jiya. Haka ya faru da ni sau uku cikin wata takwas, a wurare uku daban-daban, kafin na kai motar wannan gareji da ba ya wani aiki sai na na'urar sanyi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne irin aikin da aka yi, ta yadda zai iya gane mai irin wannan aiki a duk inda yake.

Motar ƙarama ce, ta shekara goma sha biyu, kuma matsalarta iri biyu ce a haɗe. Idan tana gudu a buɗaɗɗen titi takan ba da sanyi daidai gwargwado, amma da zarar na tsaya a cunkoso injin yana silo, sai iskar ta koma ɗumi cikin 'yan mintuna. Ban da wannan, duk lokacin da aka ƙara mata gas, sanyin ba ya wuce wata biyu zuwa uku. Mutum na ƙarshe da ya duba ta kafin wannan gareji ya ce mini kwamfureso, wato injin da ke matse gas ɗin na'urar, ya gaji, sai dai a saya sabo, kuma da wannan tunani na isa wurin, ina shirin jin a tabbatar mini da hakan.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne maigidan garejin bai buɗe bonet ba sai da ya yi mini tambayoyi na kusan minti goma. Ya tambayi yaushe aka yi zubi na ƙarshe, ko an zuƙe iskar da ke cikin bututun kafin a zuba, ko an ɗora tukunyar gas ɗin a kan sikeli, ko motar ta taɓa yin karo ta gaba, ko ina jin wata ƙara idan na kunna na'urar, da kuma ko ruwa yana ɗiga a ƙarƙashin motar bayan an yi tafiya. Da na ce masa ban taɓa ganin sikeli ba a duka wuraren uku, sai ya ce: "Malam, na'urar nan rufaffiya ce, ba ta shan gas kamar yadda inji yake shan mai. Idan ya ragu cikin wata biyu, to akwai inda yake fita, kuma wurin nan za mu nema." Daga nan ya roƙi in bar motar ta kwana, domin yana so ya ɗauki awo na farko injin yana da sanyi sarai.

Washegari da safe na dawo, aka bar ni na tsaya kusa ina kallo, wanda hakan kansa abin yabo ne. Ya nuna mini takardar da kamfani ya liƙa a ƙarƙashin bonet, wadda ta ce motar tana ɗaukar gram 500 na gas nau'in R-134a, tare da nau'in man da kwamfureso yake amfani da shi. Shekara da shekaru ina buɗe bonet ɗin nan ban taɓa karanta takardar ba, kuma babu ɗaya daga cikin waɗanda suka yi mini zubi da ya dube ta. Ya ɗaura geji mai agogo biyu, shuɗi a ɓangaren ƙaramin matsi, ja a ɓangaren babban matsi, ba tare da ya tayar da injin ba. A nan ne ya yi mini bayanin da ya sa na amince cewa ya san abin da yake yi. Matsin R-134a a rufaffiyar na'ura da ke hutawa yana bin zafin gari ne, matuƙar akwai ruwan gas a ciki: idan zafin ya kai digiri 30 a ma'aunin Selshiyas, geji zai nuna abin da ya kusa 97 a ma'aunin matsi da ake kira PSI. A safiyar zafin yana wajen digiri 30, amma agogon ya nuna 115. Wannan rarar, in ji shi, tana nufin ɗaya daga cikin biyu, ko dai iska ta gari ta shiga cikin na'urar saboda ba a zuƙe ta ba kafin zubi, ko kuma an gauraya gas ɗin da wani nau'i.

Ya kamata in ɗan tsaya a nan in bayyana yadda na'urar take aiki, kamar yadda na fahimta a wannan rana, domin in ba haka ba sauran labarin ba zai yi ma'ana ba. Na'urar ba ta ƙirƙirar sanyi, kwashe zafi take yi daga cikin mota ta kai shi waje. Kwamfureso, wanda fambel yake juyawa, yana matse gas ya yi zafi ƙwarai, ya tura shi zuwa kondensa, wato wannan faffaɗan ƙarfe mai ƙananan bututu da ke gaban lagireto. A can iskar waje take kwashe zafin, gas ɗin ya koma ruwa. Ruwan yakan bi ta diraya, wadda ke ɗauke da wasu ƙwayoyi masu tsotse danshi, sannan ya isa wata 'yar siririyar ƙofa da ke rage masa matsi farat ɗaya. Daga nan sai ya shiga ebaporeta da ke ɓoye a bayan dashbod, inda yake tafasa ya koma gas, domin R-134a yana tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifili idan babu matsi a kansa. Wannan tafasa ita ce ke zuƙe zafin iskar da fankar ciki take hurawa, iskar ta fito da sanyi, danshinta kuma ya zama ruwan da ke ɗiga a ƙarƙashin mota. Duk inda wannan zagaye ya sami cikas, alamar da direba yake ji ɗaya ce, wato rashin sanyi, shi ya sa ba a iya gane cutar da tafin hannu a bakin mahurar iska.

Da aka tayar da injin aka kunna na'urar, sai ya soka ma'aunin zafi a mahurar tsakiya, ta nuna digiri 19. Agogon ja kuma ya riƙa hawa a hankali har ya wuce 300, sai kwamfureso ya katse da kansa, ya huta, ya sake kamawa. Bai ce komai ba tukuna. Ya sa yaronsa ya ɗauko tiyo ya fesa ruwa a jikin kondensa, nan take agogon ya sauko ƙasa, iskar da ke cikin motar kuma ta fara sanyi a gabana. Gani ya kori ji. Wannan gwaji mai sauƙi ya nuna cewa kwamfureso yana matsawa yadda ya kamata, abin da ya gaza shi ne kwashe zafi daga kondensa. Fankar da ke wurin tana juyawa, shi ya sa kowa ya ɗauka lafiyarta lau, amma juyin ya yi rauni ƙwarai. Ya auna wutar da ke isa gare ta ya ga cikakkiya ce, ya duba fiyus da rile, wato makunnin da ke sakar mata wuta, ya ga babu matsala, sai ya tabbata cewa ɗan injin lantarkin da ke juya fankar ne ya cinye daga ciki. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake samun sanyi a kan gudu, lokacin da iskar hanya take yi wa fankar aikinta, in rasa shi a cunkoso.

Saura neman yoyo, kuma a nan ne garejin ya nuna haƙurin da ban gani ba a ko'ina. Tun gas ɗin yana ciki ya bi duk mahaɗan bututu da wata 'yar na'ura mai sansano gas, ya kuma kai bakinta ga tiyon da ruwan ebaporeta yake fita, domin idan ebaporeta ce ke yoyo, ta nan gas ɗin yake saukowa tunda ya fi iska nauyi. Can shiru aka ji, kuma na yi farin ciki da haka, domin sauya ebaporeta a yawancin motoci yana nufin sai an kwance dashbod gaba ɗaya. Na'urar ta yi ƙara a wuri biyu: a kusurwar kondensa ta ƙasa, inda akwai wani baƙin tabo na mai da ƙura ta manne masa, da kuma a bakin da ake ɗaura geji, inda akwai wani ɗan bawul irin na tayar mota. Ya bayyana mini cewa man kwamfureso yana zagayawa ne tare da gas, saboda haka duk inda gas ya fita mai ma yakan biyo shi, tabon mai a jikin bututu ko kondensa kuwa shaida ce da ido yake iya gani ba tare da wata na'ura ba.

Bai tsaya a nan ba. Ya janye gas ɗin da ke ciki da injin janyewa zuwa cikin wata tukunya, bai sake shi a iska ba, ya kuma auna abin da ya fito, ya kama gram 340 kacal, alhali ba a fi mako uku da yi mini zubi ba. Sannan ya cika na'urar da busasshen naitirojin, ya shafa ruwan sabulu a wuraren biyu, kumfa ta taso a fili, geji kuma ya riƙa sauka. Na yaba da batun janye gas ɗin fiye da yadda na zata, domin ba ƙaramin abu ba ne. An daina amfani da tsohon gas R-12 a sababbin motoci a shekarun 1990 saboda yana lalata rufin ozon, wato iskar da ke can sama tana kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, aka maye gurbinsa da R-134a. Shi R-134a ba ya taɓa ozon, amma ƙarfinsa wajen ɗumama yanayi ya ninka na iskar kabon sau 1,430, wanda hakan ya sa Tarayyar Turai ta hana sa shi a sababbin motoci daga Janairun 2017, kamfanoni da yawa suka koma R-1234yf. Mai sana'ar da yake buɗe bawul ya bar gas ya tashi sama yana ɓarna biyu ne, yana ƙara ɗumama yanayi, yana kuma zubar da shaidar da za ta gaya masa nawa ne ya rage a motar.

Game da kwamfureson da aka ce mini ya mutu, ya duba kulocinsa ya ga yana kamawa da kyau, ya auna ratar da ke tsakanin farantansa ya ce tana cikin ƙa'ida, ya kuma zuba ɗan man da ya fito a kan farin ƙyalle ya nuna mini cewa babu garin ƙarfe a ciki. Ya ce da kwamfureson ya farfashe daga ciki, da man ya yi baƙi yana ƙyalli, kuma da aikin ya zama babba, domin sai an wanke bututun duka, an sauya diraya da siririyar ƙofar nan, an kuma sauya kondensa, tunda kondensar motocin zamani ramukanta ƙanana ne ƙwarai, wanki ba ya fitar da dattin da ya maƙale a cikinsu. Mutum ne da yake da damar sayar mini da abu mafi tsada a cikin na'urar, ni kuma na zo da niyyar saya, amma ya ce in bar nawa. Wannan kaɗai ya isa in ba garejin maki mai yawa.

Abin da aka sauya a ƙarshe shi ne kondensa, wadda a wannan mota diraya a jikinta take, da injin lantarkin fanka, da bawul biyu na bakin geji, da zobban roba na duk mahaɗin da aka kwance. An shafa wa zobban man na'urar kafin a ɗaura su. Bayan haɗawa, an sa famfon zuƙe iska ya yi aiki na minti 40, sannan aka rufe aka jira minti 15 a ga ko agogon zai motsa, bai motsa ba. Dalilin wannan dogon zuƙa shi ne danshi: idan matsi ya yi ƙasa sosai, ruwan da ke cikin bututu yakan tafasa ya fita, idan kuwa aka bar shi, yakan daskare a siririyar ƙofar ya toshe ta, sanyi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, kuma a hankali yakan haɗu da mai ya haifar da tsatsa daga ciki. Man da waɗannan na'urori suke amfani da shi, wanda ake kira PAG, yana jan danshi daga iska da sauri, shi ya sa na lura ba su bar gwangwaninsa a buɗe ba ko na minti ɗaya. Sun ƙara man da sirinji, gwargwadon abin da tsohuwar kondensa ta tafi da shi, sannan suka ɗora tukunyar gas a kan sikeli suka zuba gram 500 cif. Injin yana silo, ma'aunin zafi ya nuna digiri 7 a mahurar tsakiya, agogon shuɗi ya tsaya a wajen 32, ja kuma a wajen 190, bai ƙara hawa ba.

Duk da wannan yabo, akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ba ƙanana ba ne. An yi mini alkawarin kwana biyu, aikin ya ɗauki kwana huɗu, saboda kondensar da aka fara kawowa ba ta dace da motar ba. Jinkirin kansa ban ga laifinsa ba, gara a jira wadda ta dace da a lanƙwasa bututu da ƙarfi don a tilasta wadda ba ta dace ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne babu wanda ya kira ni ya sanar da ni, sai da na zo ɗaukar mota na tarar da gabanta a kwance. Wurin da ya iya auna gas har gram ɗaya bai kamata ya kasa buga waya ɗaya ba. Haka kuma an sauya matatar iskar cikin mota ba tare da an tambaye ni ba. Da aka nuna mini tsohuwar na yarda ta toshe da ƙura da ganye, kuma toshewarta tana rage ƙarfin iskar da ke fitowa, amma ƙa'ida ita ce a tambayi mai mota kafin a ƙara wani abu a lissafinsa, komai ƙanƙantarsa. Sannan ba su da al'adar rubuta wa mutum sakamakon awo, sai da na nema aka rubuta mini alkaluman a bayan takardar biya, alhali irin wannan rubutu shi ne zai taimaki duk wanda zai duba motar nan gaba.

Akwai kuma giɓi a kayan aikinsu da ya kamata a sani. Ba su da na'urar tantance nau'in gas, saboda haka tambayar da gejin ya tayar tun farko, ko iska ce ta shiga ko gas ɗin gauraye ne, ba a amsa ta ba har yau. Maigidan bai ɓoye wannan ba, ya ce abin da ya janye daga motata zai ware shi daban, ba zai mayar da shi cikin motar kowa ba. Na girmama gaskiyarsa, amma gareji mai wannan matsayi ya kamata ya mallaki na'urar, domin jabun gas yana yawo a kasuwannin duniya, wani an gauraya shi da iskar da ke kama wuta, wani kuma yana cinye roba da ƙarfen alminiyam daga ciki. Ya kuma gaya mini cewa ba sa karɓar motocin da ke amfani da R-1234yf, domin bakin gejinsu da injin janyewarsu daban ne, kuma ba sa taɓa motoci masu haɗin lantarki da fetur, waɗanda kwamfuresonsu da babbar wuta yake aiki, yana kuma buƙatar mai na musamman da ba ya ɗaukar lantarki. Mai irin wannan mota sai ya nemi wani wuri, kuma ya fi masa alheri a gaya masa haka a bakin ƙofa da a gwada a kansa.

Wani abu da ya sa na koma bayan mako biyu shi ne warin danshi da ke fitowa a mintunan farko idan an kunna na'urar. Na ambata shi tun ranar farko, amma aka manta da shi cikin hidimar yoyo da fanka. Da na koma ba su yi gardama ba. Sun zura siririyar waya a tiyon zubar ruwa suka fitar da dattin da ya rage masa hanya, suka fesa kumfar wanke ebaporeta, suka kuma ba ni shawarar in riƙa kashe kwamfureso in bar fanka kaɗai tana hurawa na 'yan mintuna kafin in isa inda zan ajiye mota, domin ebaporeta ta bushe. Warin ya tafi, kuma ba su karɓi komai ba a wannan zuwa. Sun ƙara da cewa in riƙa kunna na'urar na kamar minti goma a kowane mako ko da gari ya yi sanyi, saboda mai ya zagaya ya jiƙa robar da ke bakin sandar kwamfureso kada ta bushe ta fara yoyo, in kuma riƙa wanke fuskar kondensa da ruwa mara ƙarfi, domin ruwa mai tsananin matsi yana lanƙwasa siraran fikafikanta.

Da na tambaye shi game da gwangwanayen da ake sayarwa masu alkawarin toshe yoyo daga ciki, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce wasu daga cikin waɗannan sinadarai suna daskarewa ne idan sun haɗu da danshi, kuma ba sa bambanta ramin yoyo da siririyar ƙofar da gas yake bi, ban da cewa suna lalata injin janye gas na duk garejin da motar ta je daga baya. Ya ce idan ya san an zuba wa mota irin wannan, ba ya ɗaura mata injinsa.

Wanda zan tura wannan gareji shi ne mai motar R-134a da ya gaji da zubi bayan zubi, wanda kuma zai iya haƙurin barin motarsa ta kwana, ya riƙa kiran waya da kansa don jin inda aka kwana. Wanda yake son a cika masa gas cikin minti ashirin ya wuce ba zai ji daɗin wurin ba, domin a gabana maigidan ya ƙi yi wa wani mutum zubi ba tare da gwajin yoyo ba, mutumin ya ja motarsa ya tafi. Ni dai na sayi ɗan ma'aunin zafi irin wanda na gani a hannunsu, ina ajiye shi a aljihun dashbod. A makon jiya, da tsakar rana, ina tsaye a cunkoso injin yana silo, na soka shi a mahurar tsakiya ya nuna digiri 8, wata biyar bayan gyaran, kuma ba a ƙara wa motar ko gram ɗaya ba.